Gansakuka ta rufe min ciyawar teku a tanki, in kashe fitila kwana uku ko kuwa?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu tankin ruwan gishiri ku kawo min ɗauki. Wata biyu da rabi ke nan da na haɗa tanki mai lita 200, ba murjani a ciki, ni burina ciyawar teku ce kawai da 'yan ƙananan kifi, irin yadda ake ganinta shimfiɗe a ƙasan ruwa in an je bakin teku. Wani abokin aikina ɗan Indunusiya ne ya yanko min daga nasa tankin, mai ƙananan ganye biyu-biyu ɗin nan, ya ce sunanta Halophila. Sati uku na farko abin gwanin sha'awa, har sabon ganye ta fara fitarwa. Daga nan sai wata ƙura ruwan ƙasa ta fara kwanciya a gilas da yashi, in goge ta dawo in goge ta dawo, ban ankara ba sai ga gansakuka koriya mai gashi-gashi ta kama ganyen kansa, yanzu kuma wani abu ja mai yauƙi ya shimfiɗu a kan yashin, da rana har kumfa yake yi. Ganye sai zuba yake. Mai shagon da nake sayen gishiri ya ce in kashe fitila in lulluɓe tankin da bargo kwana uku, sannan in zuba wani magani da ya nuna min. Ban dai saya ba tukuna. Wallahi ciyawar nan ta shiga raina, in na dawo daga aiki gabanta nake zama in sha shayi. Me za ku ce?

Mai Tarwada:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu masu tarwada in muka ga ruwa ya yi kore abu na farko da muke dubawa hannun mai ba da abinci ne. Kifi nawa ne a ciki, sau nawa kake ba su a rana, kuma suna cinyewa tas ko yana sauka ƙasa? Gansakuka ba ta zuwa gidan da ba taki.

Ɗan Jidda:
Guda shida ne Alhaji, ƙanana duka. Safe da dare nake ba su, yara ma in na fita suna ɗan barbaɗa musu.

Mai Tarwada:
To ka ji. Ka fara ɗauke gwangwanin abincin daga inda hannun yara ke kaiwa.

Mai Murjani Legas:
Malam, shekara biyar ina riƙe da tankin murjani kuma jan yauƙin nan na sha fama da shi, sayano sunansa. Mai shago bai yi ƙarya ba, duhun kwana uku yana kashe shi, na yi har sau biyu kuma murjani na bai mutu ba. Bayan ka buɗe ka canza kashi 20 cikin ɗari na ruwan, ka sa abin tsotse fosfet a filta, ka matse naitiret da fosfet, wato takin da ke cikin ruwan, su dawo sifili. Gansakuka da yunwa ake kashe ta, ba wata dabara da ta wuce wannan.

Ɗalibar Teku:
Salam. Yaya na Legas, ka yi haƙuri zan saɓa maka a nan, ba don maganarka ba daidai ba ce a tankin murjani, sai don wannan tankin daban ne. Ni a Malesiya nake karatu kuma ciyawar nan muna zuwa dubata in ruwa ya janye. Abin da mutane ke mantawa shi ne ciyawar teku ba gansakuka ba ce, ba danginta ba ce ma. Tsiro ce cikakkiya kamar gero ko kiri-kiri, tana da saiwa, tana da jijiya mai rarrafe a ƙarƙashin yashi, har fure take yi a cikin ruwa. Kakanninta a tudu suke, daga baya suka koma teku. To saiwarta tana zaune ne cikin yashin da babu iskar oksijin, kuma a irin wannan wurin akwai ƙwayoyin halitta masu fitar da salfayid, wato gubar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abin da ke kare saiwar shi ne ganye in ya samu haske yana haɗa oksijin ya tura ƙasa ta wasu 'yan kafofi da ke cikin jikin tsiron, sai saiwar ta kewaye kanta da shi. In haske ya ɗauke turawar sai ta ragu, gubar ta fara shiga. Ka ga ke nan duhu a wurinta ba yunwa kaɗai ba ce, har da shaƙewa.

Mai Murjani Legas:
Ƙanwata na ji, amma ai a teku ma ana yin hadari da guguwa ruwa ya gurɓace kwana da kwanaki, ciyawar ba ta mutuwa. Kwana uku ne fa kacal.

Ɗalibar Teku:
Gaskiya ne Yaya, lafiyayyar ciyawa za ta iya jure kwana uku, Halophila ma tana cikin waɗanda suka fi haƙuri da ƙarancin haske. Amma ka duba abin da ya faɗa, gansakuka ta rufe ganyen tun makonni, wato ita ta daɗe a cikin duhu tun kafin a kawo bargo. Kuma jijiyarta siririya ce, ba ta da rumbun ajiya mai yawa irin na manyan ciyayi kamar Thalassia masu kaurin jijiya. Sannan in sayano da gansakuka suka mutu lokaci guda a rufaffen tanki, ruɓewarsu za ta cinye oksijin ɗin ruwan, takin da ke jikinsu kuma ya koma cikin ruwan, ana kunna fitila su dawo tunda ba a taɓa tushen matsalar ba. Shi ya sa kai ma sai da ka yi sau biyu. Maganar sifili kuma ita ta fi tsorata ni, domin ciyawar ma abinci take so, ƙari a kan haka tankin da aka matse shi ƙaf shi ne daino, wani yauƙi ruwan ƙasa na ƙananan halittu, ke kamawa, wanda ya fi sayano wahalar fita kuma wasu irinsa suna kashe dodon koɗi.

Mai Murjani Legas:
Daino kam na gan shi da idona, wata huɗu na yi ina fama, a nan na yarda da ke. Amma dai har yanzu ina kan bakana cewa fosfet ɗinsa ya yi yawa.

Ɗalibar Teku:
Wannan kuma ba na musu. Malam na Jidda, dan Allah ka auna ka kawo mana lambobi, naitiret, fosfet, gishiri, zafin ruwa, zurfin yashi, awa nawa fitila ke yi, da kuma wane ruwa kake haɗa gishirin da shi.

Baba Fot Sudan:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni ba ni da tanki, jikana ne ya sa ni a gidan nan, amma na fi shekara arba'in ina kamun kifi a wannan tekun na Bahar Maliya da kai ɗana kake ɗaya gaɓar tasa. Ciyawar da kake faɗa mun san ta. Inda take da kyau za ka ga ruwan fes kamar idon zakara, kana cikin jirgi kana ƙirga ganyenta, amma ka sa hannu ka damƙo ƙasan wurin za ka ji laushi, yashi ne da laka, wani lokaci baƙi-baƙi a ciki. Wato abincinta a ƙasa yake, ba a ruwa ba. Inda kuma ruwan datti na gari ke gangarowa za ka tarar ganyen ya yi gemu, ya yi nauyi ya kwanta, bayan an kwana biyu ka dawo ba ciyawa sai taɓo. Kuma ban taɓa ganin ganyenta a tsaye cak ba, kullum ruwa na kaɗa shi yana share shi, ga 'yan dodon koɗi ƙanana suna bin sa suna lasa. Ka duba ko ruwan tankinka yana motsi.

Ɗalibar Teku:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da nake ta kewaye-kewaye in faɗa ke nan Baba ya faɗe shi a taƙaice, ƙasa mai taki, ruwa mai tsabta.

Ɗan Jidda:
Na gode Baba, Allah ya ja kwana. Na je shago an auna min, ga abin da ya fito. Naitiret wajen 25, fosfet 0.25, gishiri 1.030 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi yana kaiwa digiri 29 zuwa 30 da rana in an kashe esi. Zurfin yashi da na auna da ruwula santimita 4 ne. Fitila tun bayan asuba har bayan isha'i, kuma tankin yana kusa da taga, rana na taɓa gefe guda da hantsi, gefen nan ne ma ya fi yin kore. Ruwa kuma na wayit ne, wato motar dakon ruwa, da ake zuba mana a tankin gida. Famfon motsa ruwa guda ɗaya ne ƙarami, na juya shi sama don kar ya tone yashi.

Mai Murjani Legas:
1.030? Malam in ruwa ya ragu me kake cikawa da shi?

Ɗan Jidda:
Ruwan gishirin da na haɗa na ajiye a jarka.

Mai Murjani Legas:
To nan ma akwai gyara. Ruwa ne ke tashi sama, gishiri yana nan bai je ko'ina ba, don haka ciko da ruwan daɗi ake yi, ruwan gishiri sai ranar canjin ruwa. Ka dawo da shi 1.025 ko 1.026 a hankali cikin sati guda ko fiye, kar ka yi a rana ɗaya. Kuma ka rabu da ruwan wayit, ko da daga matatar teku ya fito ya bi bututu da mota da tankin siminti, ya kwaso silika, sinadarin da ke cikin yashi, da sauransu, ƙurar nan ruwan ƙasa da ka fara gani dayatom ce, wata irin ƙaramar gansakuka, kuma da silika take gina jikinta. Ka sayi ƙaramin injin RO, mai tace ruwa tas, ko ka riƙa sayen ruwan RO a jarka, ka sayi ɗan abin auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, in ya nuna kusa da sifili ka yi amfani da shi.

Ɗan Damagaram:
Jama'a tambaya, tunda yana bakin teku mi ya hana ya ɗebo ruwan tekun kawai ya huta da sayen gishiri?

Baba Fot Sudan:
Ɗana ruwan bakin gari ba na ɗiba ba ne, man jirage da dattin mutane duk a nan suke taruwa. Kuma tekun namu ya fi yawancin tekuna gishiri.

Ɗalibar Teku:
Haka ne, yawancin tekuna giram 35 ne na gishiri a lita, Bahar Maliya kuwa yana kaiwa wajen 40 ta arewa, saboda zafi ga shi ba wani babban kogi da ke zuba a cikinsa. Ciyawar can ta saba da hakan, amma tasa daga tankin wani ta fito, gara ya tambayi abokin nasa a nawa yake riƙe nasa ya bi shi.

Yanzu Malam ga abin da zan yi in da tankina ne. Fitila kar ka rage mata ƙarfi, awanni za ka rage, ka sa taima ta yi awa 9 kullum, tagar kuma ka sa labule mai kauri, zai rage maka zafin ma, 25 zuwa 27 ake so. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Canjin ruwa lita 20 duk sati da ruwan gishirin da ka haɗa da ruwan RO, kuma lokacin canjin ka yi amfani da siririn tiyon iska ka zuƙe jan yauƙin daga saman yashi, yana ɗagowa kamar fatar madara, amma kar ka cusa tiyon cikin yashin. Ba sifili muke nema ba, naitiret ya sauko ƙasa da 10, fosfet ƙasa da 0.1, ya isa. Famfo ka ƙara ɗaya ka saita shi yadda ganyen zai riƙa rausaya ba tare da yashi ya tashi ba, sayano wurin da ruwa ya kwanta yake so.

Sai babban aikin, wanda ba injin da zai yi maka. Kullum ko bayan kwana biyu ka wanke hannu da ruwa zalla ba sabulu, ka kama ganyen tsakanin babban yatsa da manuni ka murza a hankali daga ƙasa zuwa sama, ɗaya hannun yana riƙe da tiyo yana zuƙe abin da ya fita. Ganyen da gashi ya cinye gaba ɗaya ka yanke shi da almakashi, kar ka ja, in ka ja jijiyar za ka tumɓuke. Kar zubar ganye ta tayar maka da hankali sosai, Halophila dama ganyenta ba ya daɗewa, tana zubarwa tana sabo. Ran tsiron yana can a bakin jijiyar, ɗan farin kan nan mai tsini da ke tafiya gaba a cikin yashi. In shi yana nan fari da ƙarfi ciyawarka na da rai ko da ganye uku ya rage.

Mai Tarwada:
Wannan ai noman firi da maimai ne, sai dai a cikin ruwa. Allah ya ba da sa'a. Amma ba wani kifi da zai taya shi? Mu karfasa muke sawa ta rage kore.

Baba Fot Sudan:
Kar a kai masa sijan dai, mutanen Jidda sun san shi a kasuwar kifi. Yana cin gansakuka amma ciyawar ma ba ya barin ta, in muka fasa cikinsa kore muke tararwa.

Mai Murjani Legas:
Kifin tang ma haka, da bushiyar teku, duk za su yi maka aski har da ciyawar. Dodon koɗi za ka nema, ƙananan nan masu dogon baya da ake ce wa serit, su suna hawa ganye ba sa karya shi, suna kuma juya saman yashi. Ka haɗa da irin da ake ce wa trokus biyu ko uku don gilas. Manyan nan da ake ce wa tabo kar ka sa, kamar buldoza suke. Ka fara da goma ka gani, in ka zuba da yawa gansakuka na ƙarewa yunwa za ta kashe su su ɓata ruwan. Kuma in dai za ka sa dodon koɗi duk maganin da aka ce akwai sinadarin tagulla a ciki ka nisance shi.

Ɗan Jidda:
To shi maganin mai shagon fa, na jan yauƙin?

Ɗalibar Teku:
Ka bar shi a shago tukuna. Sayano ba gansakuka ba ce ta gaskiya, bakteriya ce mai cin haske, shi ya sa magungunanta da yawa masu kashe bakteriya ne, kuma tankinka sabo ne, bakteriyar kirki da ke cikin yashi da filta ba su gama zama ba. In ka yi wata guda kana bin hanyar nan ba canji sai mu sake magana. Yashin ma santimita 4 ya yi kaɗan, ka kai shi 7 ko 8, amma kar ka tumɓuke ciyawar don ka ƙara. Ka wanke yashi mai laushi ka riƙa barbaɗa rabin santimita duk sati, ita da kanta za ta biyo shi sama. In ruwa ya gyaru ka ga sabon ganye na fitowa fari-fari, sai ka raba ƙwayar takin saiwa irin ta masu tankin ruwan daɗi gida huɗu, ka cusa ɗaya can ƙasa kusa da jijiya ka rufe ramin da kyau. Yanzu ba lokacinsa ba ne.

Ɗan Damagaram:
Na ga wani bidiyo an ce a sa Caulerpa, wata babbar gansakukar teku, tana shanye takin ruwa gansakuka ta rasa abinci, kuma ita ma kyau gare ta kamar ciyawa.

Mai Murjani Legas:
Tana shanyewa kam, amma a cikin tanki ɗaya da ciyawar teku za ta bi ta kanta ta danne ta, gudunta ba ɗaya ba ne. Kuma wata rana sai ka wayi gari ta yi fari fat ta amayar da duk abin da ke cikinta, ruwa ya koma kamar tsaki. In yana son mai shanye taki ya sa Chaetomorpha, mai kama da soson waya ɗin nan, a wani ɗan akwati daban a bayan tanki da 'yar fitilarta da dare.

Ɗalibar Teku:
Kuma ku da ke bakin teku dan girman Allah duk abin da kuka cire daga tanki a shara za ku zuba, ba a teku ko magudanar ruwa ba. A 1984 aka fara ganin wata irin Caulerpa ta masu tanki a ruwan Monako, 'yar ƙaramar shimfiɗa ce da ba ta wuce tabarma ba, daga baya ta bazu gaɓar Faransa da Italiya da wasu ƙasashen Bahar Rum tana shiga filayen ciyawar teku. A 2000 ta ɓulla a Kalifoniya, sai da aka lulluɓe wuraren da tamfol aka zuba kulorin a ƙarƙashi, ba a sanar da an gama da ita ba sai 2006. Haka kuma kar kowa ya je ya tono ciyawa daga teku don tanki, a nemi yanki wurin mai tanki kamar yadda Malam ya yi.

Baba Fot Sudan:
'Yata kin yi magana. Wannan ciyawar abincin wata dabba ce, ɗan'uwan ayu na kogunan ƙasar Hausa da iyayenmu ke ba mu labari. Arewa da mu, wajen Dungunab, akwai su. Ka ga inda ya yi kiwo kamar an ja garma a ƙasan ruwa, layi-layi, da saiwa yake tumɓuke ta, bayan ɗan lokaci ka dawo ka ga layin ya sake rufewa da sabon ganye. Kunkurun teku ma ita yake ci. 'Ya'yan kifin da muke kamawa kuma a cikinta suke ɓuya har su girma.

Ɗalibar Teku:
Wurin da Baba ya faɗa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 tare da Sanganeb. Kuma abin da ke faruwa a tankin Malam shi ne ya faru a Fulorida ta Amurka, taki da ruwan datti suka yi yawa a ruwan gaɓa, gansakuka ta tare haske, ciyawa ta ƙare, a 2021 kaɗai ayu sama da 1,000 suka mutu a jihar, da yawansu yunwa ce.

Ɗan Jidda:
Jama'a salam, na dawo da labari, yau kwana 24. Ban kashe fitila ba, ban sa magani ba. Sati na farko wallahi na kusa karaya, ina murza ganye da dare washegari in ga gashin ya dawo, ganye kusan rabi na yanke. Gefen taga kuwa na rasa shi gaba ɗaya, da na taɓa jijiyar sai ta marmashe a hannuna, baƙa, ga warin ƙwan nan da 'yar'uwa ta faɗa, na cire ta na zuƙe wurin. Amma ɗaya gefen ya tsira. Jan yauƙin ya ragu sosai tun da na ƙara famfo, yanzu sai ɗan kaɗan a kusurwa bayan dutse. Naitiret 10, fosfet 0.1, gishiri 1.026 kamar na abokina. Serit goma na sa, ɗaya ya mutu, sauran da dare in na haska tocila sai in gan su a kan ganye suna aiki. Jiya na ƙirga sabon ganye biyu-biyu har wuri bakwai, tas da su ba ko ɗigon gashi, kuma akwai jijiya ɗaya da ta bi jikin gilas ta gaba, ina ganin farin kanta da 'yan saiwoyi suna sauka ƙasa, na sa alama da alƙalamin maka, cikin kwana biyar ta wuce alamar da kusan faɗin yatsa biyu. Yara yanzu su ke tashina mu je mu duba ta. Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ta ƙarshe, abokin nawa yana da wata mai dogon ganye kamar kirtani mai faɗi, in karɓo in cike gefen da ya mutu?

Ɗalibar Teku:
Masha Allah, na ji daɗi wallahi. Mai dogon ganyen ka dakata, in Thalassia ce tana son yashi santimita 15 ko fiye, kuma wanda ya kwana biyu, ga ta da son haske fiye da wannan. Gefen da ya mutu ka bar shi haka, nan da wata biyu in ta yi ƙarfi ka yanko jijiya mai ganye huɗu ko biyar da farin kanta ka dasa a can. Ka ci gaba da murza ganyen ko sau biyu a sati.

Baba Fot Sudan:
Alhamdu lillahi. Ɗana ka ɗauko hoton jijiyar nan ta jikin gilas ka turo, jikana zai nuna min, ni daga sama kawai nake ganin ciyawar nan duk tsawon shekarun nan.